Ina kifi yake a Red Dead Redemption 2, kuma ta yaya ake gane wurin jefa fatsa?

"Assalamu alaikum. Ina buga Red Dead Redemption 2 a PS4, yanzu na kai babi na 3. Tun da na samu sandar fatsa nake jefawa a bakin tafkin da ke kusa da sansani, amma ƙananan kifi kaɗai nake kamawa, wani lokacin ma in yi minti goma ba abin da ya taɓa ƙugiya. Abokina ya ce akwai manyan kifayen da sai an ɗaure su a bayan doki. Don Allah ina ne wuraren da suka fi kifi, kuma ta yaya zan gane wuri mai kyau da kaina?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya a haɗe: sunayen wurare, da kuma yadda za ka duba ruwa ka san ko akwai abin kamawa a ciki. Zan ba ka duka biyun, amma na biyun zan fi daɗewa a kansa, domin wanda ya haddace sunan tafki kawai zai je can da abincin ƙugiyar da bai dace ba, ya wuni a tsaye, ya dawo hannu rabbana yana cewa an yi masa ƙarya.

Tunda kana babi na 3, sansaninku yana Clemens Point ke nan, a gabar gabas ta Flat Iron Lake. Wannan tafki ba shi da laifi ko kaɗan, yana cikin ruwan da suka fi kifi a wasan. Ina kyautata zaton har yanzu cuku ko burodi kake maƙalawa a ƙugiya, irin wanda Arthur, jarumin da kake sarrafawa a wasan, ya yi amfani da shi ranar da ya kai yaron nan Jack bakin Dakota River a babi na 2. To cuku, burodi da masara abincin ƙananan kifi ne. Ko shekara za ka yi kana jefa su, da wuya babban kifi ya waiwaye ka. Matsalarka ta fara daga jaka, kafin ma a zo maganar wuri.

Yadda wasan ya raba kifinsa

Kamfanin Rockstar, da ya fitar da wasan a 2018, ya zuba nau'in kifi 15 a cikinsa, kuma bai watsa su barkatai ba. Ruwan taswirar ya kasu uku: kogi, tafki, da fadama. Kowane kifi yana da irin ruwan da yake zama, da abincin da ya fi so, da yanayin sararin sama da yake fitowa kiwo. In ka haɗa waɗannan ukun daidai, ƙugiya ba ta minti ɗaya a ruwa. In ka kuskure ɗaya, kana iya kamawa amma sai ka sha jira. In ka kuskure biyu, gara ka naɗe zarenka ka yi gaba.

Ƙananan su shida ne. Bluegill da rock bass cuku suke so. Perch da redfin pickerel burodi. Chain pickerel da bullhead catfish, wadda ƙaramar tarwaɗa ce, masara. Waɗannan duk cikin jaka suke shiga, kuma kuɗinsu a wurin mahauci bai taka kara ya karya ba. Sai matsakaita: smallmouth bass yana son gyare, largemouth bass yana son ƙwaron ruwan nan da wasan ke kira crayfish, steelhead trout kuma tana. Su ma jaka suke shiga, amma sun fi nama, sun fi daraja. Sockeye salmon yana cikin wannan sahu ta fuskar girma, sai dai shi abincin ƙarya yake bi.

Abincin ƙarya shi ne abin da wasan ke kira lure, wato ɗan abin da aka ƙera ya yi kama da ƙaramin kifi ko ƙwaro, aka ɓoye ƙugiya a jikinsa. Iri uku ne, na kogi, na tafki, na fadama. Manyan kifayen da abokinka ya ba ka labari da shi ake kama su. Northern pike da sockeye salmon na kogi suke bi. Muskie da lake sturgeon na tafki. Longnose gar da channel catfish, babbar tarwaɗar fadama, na fadama. Pike, muskie, sturgeon, gar da channel catfish su ne biyar ɗin da Arthur ke rungumowa da hannu biyu ya ɗaure a bayan sirdi.

Kula da wani abu da ke ruɗa mutane. Sunan abincin ƙarya ba dole ne ya dace da ruwan da kake tsaye a bakinsa ba. Kana iya tsayawa a bakin tafki ka jefa na kogi, saboda kifin da kake nema shi yake so. Pike na O'Creagh's Run misali ne: tafki ne, amma na kogi za ka sa. Kifin za ka duba tukuna, sannan ruwan.

Kuma yadda ake amfani da su ya bambanta. Abincin gaske, irin su tana da cuku, jefawa ake yi a bar shi, ɗan abin da ke yawo a saman ruwa yana nuna maka in an taɓa. Lokaci-lokaci ka ɗan taɓa R2 ya motsa, don jawo hankalin kifi. Abincin ƙarya kuwa in ka jefa ka tsaya, nutsewa zai yi ya kwanta a ƙasa, babu kifin da zai kula shi. Dole ka riƙa naɗo zaren a hankali, a hankali sosai, har ya yi kamar abu mai rai yana iyo. Da yawa daga masu cewa sun sayi abincin ƙarya bai yi musu aiki ba, ko dai jefawa suke su zauna, ko kuma su naɗo da gudu kifin ya kasa cim masa.

Wurin sayen duk waɗannan kaya shi ne shagon kayan kamun kifi da ke Lagras, wani ɗan ƙauye a cikin fadamar Bayou Nwa, arewa da birnin Saint Denis. Kantunan gari suna da wasu daga cikin abincin, amma shagon Lagras ne ya haɗa komai. Daga Clemens Point tafiyar ba ta da nisa sosai, ka bi ta Rhodes ka yi gabas. Ka je da rana. Fadamar nan da dare akwai mutanen da ke yi wa matafiya kwanton ɓauna, ga kadoji kwance a bakin hanya kamar gungume.

Karanta ruwa kafin ka jefa

A nan ne aikin yake. Idan ka iso bakin ruwa, kada ka fara da fito da sanda. Sauka daga doki nesa kaɗan, ka bar shi a tudu, ka tako a hankali. Shiga ruwa da ƙafa, tura doki ciki, ko harba bindiga kusa duk suna watsa kifi, sai ka jira su sake taruwa. Da ka tsaya a gaɓa, danna analog biyun nan tare, L3 da R3, ka kunna ganin farauta da ake kira Eagle Eye. Yadda yake haska maka dabbobin daji, haka yake haska kifin da ke cikin ruwa. Za ka ga yawansu, girmansu, da inda suka taru. Wannan daƙiƙa biyar ɗin ita ce ke raba mai kamun kifi da mai ɓata lokaci. In ka duba ka ga ruwa wayam, matsa gaba taku hamsin ka sake dubawa. Minti goman da ka ce kana yi ba a taɓa ƙugiya ba, yawanci a ruwan da babu kowa kake yin su.

Ko ba Eagle Eye, ruwan da kansa yana magana. Duba da'irar da ke buɗewa a saman ruwa, da ƴar fantsama nan da can, alamar kifi ne ke tasowa. Duba inda ƙwari suka yi cincirindo a saman ruwa, akwai mai jiransu a ƙasa. A ruwa mai haske kamar na arewa, inuwar babban kifi da ido ake ganinta tana zagaye a hankali. Babban kifi fantsamarsa daban ce, tana da faɗi da nauyi, in ka gan ta sau biyu ba za ka sake rikita ta da ta ƙanana ba.

Sai siffar wurin. Bakin kogi, wato inda kogi ke zuba cikin tafki ko cikin wani kogin, kusan kullum yana da kifi, kuma yana haɗa nau'i fiye da ɗaya saboda ruwa biyu ne suka gamu. Gindin inda ruwa ke zubowa daga dutse shi ma haka. Sai lungun da kogi ya yi kwana ruwan ya lafa, da gefen ƙananan tsibirai, da ƙarshen gadar katako ta jirage inda ruwa ya fara zurfi. Duk wanda ya taɓa zama da masunta a bakin kogi na gaske ya san waɗannan wuraren, kuma masu wasan sun kwaikwayi abin da kyau. Abin da za ka guje wa shi ne tsakiyar kogi mai ƙarfin gudu. Ruwan zai ja abincin ƙugiyarka ya kai shi gaɓa kafin kifi ya gan shi.

Lokaci yana da tasiri. Sassafe da dab da magariba kifi ya fi ci. Tsakar rana ana kamawa, amma da jinkiri. Idan ka iso da rana tsaka, kafa ɗan sansaninka nesa kaɗan da ruwa, ka kwanta, ka zaɓi farkawa da safe. Yanayin sama kuma ga yadda yake: manyan nan na abincin ƙarya sun fi fitowa in gari ya yi lumshi, hadari ya rufe rana. Bass iri biyu na matsakaita, da trout, da bluegill, da ƙaramar tarwaɗa sun fi son lokacin da ake ruwan sama. Perch, rock bass da pickerel biyun kuma ranar da gari ya washe. Ba ka da ikon zaɓar yanayi, sai dai ka daidaita abin da kake nema da abin da ka tarar. In ka fito neman pike sai aka kece da ruwa, kada ka yi fushi, sauya zuwa tana ko gyare ka cika jaka.

Akwai wata al'ada da nake ba kowa shawara a kanta. Duk kifin da ka kama, buɗe littafin bayanai na wasan, Compendium, ka karanta shafinsa. A nan aka rubuta abincinsa, ruwansa da yanayin da yake so. Taswira ma tana cika da kanta: idan ka kama kifi a wuri ko ka daɗe kana yawo a yankin, zanen kifin yana bayyana a kan ruwan. Bayan mako ɗaya kana yawo, taswirarka ta zama jagora.

Wuraren da suka cancanci tafiya

Kafin in lissafa, ka tambayi kanka me kake so da kifin. Wanda ke neman nama don gasawa a hanya, da wanda ke neman kuɗi, da wanda ke son cika jerin ƙalubalen zaman daji da wasan ke kira Survivalist, ba wuri ɗaya ya kamata su nufa ba. Dalili kuwa, doki babban kifi ɗaya tak yake ɗauka, kuma kifin yana lalacewa in ya daɗe a bayansa. Saboda haka tafki mai cike da manyan kifi amma nesa da mahauci, kifi ɗaya zai ba ka a kowace tafiya. Wurin da ke da matsakaita kusa da gari ya fi shi riba nesa ba kusa ba. Mahauta suna Valentine, Rhodes, Strawberry da Saint Denis a yankin da Arthur ke iya yawo, ga kuma Pearson a sansani da ke karɓar kifi don tukunyar jama'a.

Mafi kusa da kai, kuma mafi amfanin yau da kullum, shi ne inda Dakota River ke zuba cikin Flat Iron Lake, wajen doguwar gadar jirgin ƙasa ta Bard's Crossing, yamma da Flatneck Station. Bakin kogi ne na gaske, kuma gaɓar tana da faɗi, babu duwatsun da za su tare maka zare. Tana da gyare za ka riƙe a nan. Sai gaɓar tafkin tun daga nan har zuwa Clemens Point da tsibiran da ke gabansa. In ka samu kwale-kwale ka shiga tsakanin tsibiran nan, ka tsaya inda ruwa ya yi zurfi, ka gwada abincin ƙarya na tafki. Kwale-kwale yana sauya lissafi gaba ɗaya, domin kai ne ke zuwa wurin kifi, ba sai ka yi dogon jifa ba.

Idan babban kifi kake so ka gani da idonka, je O'Creagh's Run. Ƙaramin tafki ne a cikin duwatsun Ambarino, arewa da Emerald Ranch, ruwansa garau kamar madubi. Pike suna nan da yawa, ga salmon, kuma duka biyun na kogi suke bi, ba sai kana sauya kaya ba. A ganina babu wurin da ya fi shi don koyon jan babban kifi, saboda kana kallon kifin tun yana bin abincin har ya cafke, ka fahimci gudun da ya kamata ka riƙa naɗowa.  Ka dai yi hattara da dajin da ke arewa da tafkin, akwai ƙaton beyar a can.

Owanjila, tafkin da ke yamma da Strawberry, yana da muskie da smallmouth bass, ga shi kusa da mahauci da gidan waya. Wannan kusancin shi ya sa nake fifita shi a kan Lake Isabella, wanda ke can ƙuryar arewa maso yamma cikin dusar ƙanƙara. Isabella yana da salmon masu kyau, amma sai ka sa kayan sanyi a kan doki kafin ka tashi, in ba haka ba lafiyar Arthur za ta riƙa zagwanyewa kana tsaye, ga kyarketai a hanya.

Fadama kuwa, wato Lagras, Lakay da Bluewater Marsh, ita ce gidan gar da babbar tarwaɗa da largemouth bass. Kifi a nan ba a magana, amma wuri ne mai haɗari. Kada ka taɓa tsayawa ƙafarka cikin ruwa. Nemi gadar katako ko tudu, ka kunna Eagle Eye ka ƙirga kadojin da ke kusa kafin ka juya wa ruwa baya, kuma ka ɗaure doki nesa, don in ya hango kada zai firgita ya gudu da kifin da ka riga ka ɗaura masa. Ruwan nan duhu ne, ba a ganin komai da ido, saboda haka a nan ne Eagle Eye ya fi amfani.

Wuri ɗaya da ba na ba da shawarar a je neman na ci shi ne Elysian Pool, kusa da Butcher Creek. Yana da kyan gani, ga ruwa na zubowa daga dutse, amma gurɓataccen ruwa ne, kifayensa da dabbobin yankin marasa lafiya ne. Dalili ɗaya ne ke kai mai fatsa can, zan zo kansa.

Kifayen Jeremy Gill

Bayan kifin yau da kullum, akwai waɗanda wasan ke kira legendary, wato gwarzayen kifi, kusan kowane nau'i da nasa guda ɗaya. Ba a fara nemansu sai an je wurin Jeremy Gill, wani mai cika baki da ke zaune a Gill Landing, a gaɓar arewa maso gabas ta Flat Iron Lake, tsakanin Flatneck Station da sansaninku. Zai ba ka taswira mai nuna 13, ya ce ka riƙa aiko masa ta gidan waya. Sai bayan kun yi magana ne shagon Lagras zai fara sayar da abincin ƙarya na musamman, na kogi, na tafki da na fadama, kowanne dala 20. Da na musamman ɗin ake kama su. In ka isa wurin ɗayansu, zanen kifi mai kambi a ka zai fito a taswirarka.

Mafi kusa da kai shi ne bluegill, a cikin Flat Iron Lake kudu da Clemens Point, ta wajen gidan Braithwaite, da na tafki. Chain pickerel yana Dakota River, arewa maso yamma da Flatneck Station, da na kogi. Waɗannan biyun ƙanana ne, jaka suke shiga, ba sa wahalar ja, da su ya kamata ka fara. Perch yana Elysian Pool da na tafki, shi ne dalilin zuwa can. Gar yana fadama daf da Lagras da na fadama, ka saya ka jefa a rana ɗaya.

Sturgeon yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da ke kudu maso yamma da Saint Denis, da na kogi. Mutane da yawa a kan gadar suke tsayawa. Ana kamawa a haka, amma kunnenka ya kasance a kan jirgi, domin in ya taho kana tsakiyar ja, ko ka yanke zare ko ya bi ta kanka. Kwale-kwale ya fi kwanciyar hankali. Muskie yana gindin hasumiyar fitilar jirage ta Van Horn, da na kogi, kuma gidan waya yana cikin garin, tafiyar minti ɗaya. Steelhead trout yana can ƙuryar arewa maso gabas, wajen Willard's Rest, sama da Brandywine Drop, da na kogi, gidan waya mafi kusa kuma Annesburg. Hanyar nan ta ratsa yankin gungun ƴan ta'addan daji da ake kira Murfree, ka tafi da bindiga a hannu. Smallmouth bass yana Owanjila, salmon yana Lake Isabella, duka da na tafki. Bullhead catfish yana gefen tsibirin Sisika inda kurkuku yake, sai da kwale-kwale, kuma kada ka matsa kusa da ganuwar, masu gadi harbi suke.

Ukun da suka rage, rock bass a Aurora Basin, redfin pickerel a Stillwater Creek, da largemouth bass a San Luis River, suna kudu maso yamma, yankin Blackwater da New Austin, inda ake neman Arthur ruwa a jallo. Ka bar su sai ƙarshen labari, lokacin da yankin zai buɗe. Abu ɗaya zan gaya maka ba tare da na ɓata maka labarin ba: a wancan lokacin ka yi nesa da ruwa mai zurfi, don wanda za ka riƙe bai iya iyo ba.

Tsarin tafiya a nan shi ne, ƙananan ka tara su a jaka ka aika lokaci ɗaya. Manyan kuwa ɗaya bayan ɗaya, daga bakin ruwa kai tsaye zuwa gidan waya, ba tsayawa farauta, ba shiga rigima. Doki ya yi tuntuɓe ko a kashe ka a hanya, kana iya rasa kifin da ka sha wuya a kansa.

Inda abin ke lalacewa

Samun wuri rabin aiki ne, saura fito da kifin. Kuskure na farko shi ne saurin fizga. Hannun gem zai ɗan yi rawa in kifi yana ɗanɗana, wannan ba ci ba ne. Jira sai ya ja da ƙarfi sannan ka danna R2. Na biyu, naɗe zare kifi yana fafutuka. Da ka ga yana fantsama yana gudu, daina juya analog na dama, ka karkata sanda da analog na hagu zuwa kishiyar inda ya nufa. Ya yi dama, ka yi hagu. Kana iya danne analog na dama don hana shi jan zare, amma kaɗan-kaɗan, in ka daɗe a danne zaren tsinkewa zai yi. Da ya gaji ya lafa, sai ka ja analog na hagu ƙasa, sanda ta ɗago, kana naɗewa, ka saki, ka sake ja, kamar mai jan guga a rijiya. Wannan ɗagawa da sakin shi ke kawo kifi da sauri. Masu naɗewa kawai ba ɗagawa su ne ke yin minti goma sha biyar da kifi ɗaya har babban yatsa ya yi ciwo.

In yatsan yana damunka, shiga saitin sarrafawa, akwai zaɓin Hold to Reel, wanda ke mayar da naɗewa danna maɓalli maimakon juya analog. Yana kuma rage wa hannun gem wahala, musamman in analog ɗinsa ya fara saki.

Tsawon jifa ma abin lura ne. Iya daɗewar da ka yi kana riƙe da R2, iya nisan da abincin zai je, kuma duk nisan nan kai za ka jawo shi da kifi a maƙale. Ga babban kifi, matso kusa iya yadda za ka iya ba tare da ka firgita shi ba, ka jefa ɗan gaba da shi kaɗan, ka jawo abincin ta gaban bakinsa. Ka kuma duba abin da ke tsakaninku: dutse, ginshiƙin gada, ko kututture. Kifi ya zagaya bayansu, zare ya tafi. Kuma in zare ya tsinke yana iya tafiya da abincin ƙaryar, dala 20 ta bi ruwa, ga komawa Lagras daga Lake Isabella. Don haka kafin ka jefa wa kowane gwarzon kifi, shiga menu ka adana wasan da hannunka.

Duk wannan bayani a kan labarin Arthur yake. Red Dead Online, wato ɓangaren wasan da ake bugawa da wasu ta intanet, taswirarsu ɗaya, amma farashi da yadda ake samun kaya sun bambanta. Sannan akwai sa'a a cikin abin: wuri ɗaya, abinci ɗaya, yau ka cika jaka, gobe ka samu uku. In wuri ya yi shiru bayan ka kama da yawa, hau doki ka yi nisa ko ka kwana, ka dawo. Ƙananan da ba ka buƙata kuwa mayar da su ruwa, wasan yana ƙara wa Arthur mutunci a kan haka.

Ga yadda zan tsara maka fitarka ta gaba. Tashi daga Clemens Point da safe ka biya wurin Gill ka karɓi taswira. Wuce Lagras ka sayi tana, gyare, crayfish, abincin ƙarya na yau da kullum guda uku, da na musamman na tafki da na fadama in kuɗinka bai kai na ukun ba. Tun kana can, tsaya a gadar katako ka jefa na fadama na yau da kullum, ka koyi ja da gar ko tarwaɗa ta gama-gari kafin ka taɓa gwarzon. In ka dace da wadda ta kai laba 19, kusan kilo 8 da rabi, ita ce nauyin da ƙalubale na 9 na Survivalist ke nema in ka kai kansa. Ɗaura ta a doki ka kai wa mahaucin Saint Denis tun ba ta fara wari ba.